Mako Guda na Bazara a Lambun Rainon Tsirrai: Yadda Muke Jera Aikin a Kano

Tun da watan Maris ya kama nake shan tambaya iri ɗaya, wasu ta waya, wasu kuma su tsaya a bakin lambu su yi sallama: “Malam, yaya kuke yi da zafin nan har tsirranku ba sa ƙonewa?” Yawancin masu tambayar matasa ne da suka sami ɗan fili a gefen titi ko a bayan gida. Akwai kuma matan aure masu rainon fulawa da zogale a tsakar gida suna sayarwa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta makon aiki guda cif, daga Asabar zuwa Juma'a, yadda muke yin sa a nan Kano a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 har ya ɗara.

Ga abin da za ka riƙe tun daga farko. Ruwa a Kano yakan zauna ne a cikin watan Yuni, kuma a lokacin ne masu neman dashe ke yin layi. Kayan da za ka miƙa musu a ranar, a makonnin nan na bazara ake haɗa su, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan aikin yana da jerinsa: ruwa, inuwa, ƙasa, sai iri. Wanda ya fara da iri shi ne yakan dawo bayan kwana goma yana cewa an sayar masa da iri marar kyau.

1. Asabar da sassafe: auna ruwanka

Kafin ka sayi leda ko ɗaya, san yawan ruwan da kake iya samu kullum. Ɗauki jarka mai lita 25, ka riƙa juyewa a butar ban ruwa, ka bi layi kana shayarwa har ruwa ya fara ɗigowa ta ƙasan kowace leda, sannan ka ƙirga leda nawa jarkar ta ɗauka. Idan matsakaiciyar leda tana shan rubu'in lita a shayarwa ɗaya, jarka guda za ta ishi leda 100. Ke nan mai leda 1,000 yana buƙatar jarka 10 da safe, 10 da yamma. Tambayi mai kura na unguwarku nawa yake sayar da jarka yau, ka ninka da 20, ka sake ninkawa da kwana 60. Wannan shi ne kuɗin ruwanka daga yanzu zuwa faɗuwar damina. In ka ga adadin ya fi ƙarfin aljihunka, rage yawan ledar tun yanzu. Leda 400 da suka ƙoshi sun fi 1,000 da ake raba wa ruwa kamar magani.

A bazara rijiyoyi suna ja da baya, layi yana tsawo a rijiyar burtsatse, 'yan garuwa kuma suna ƙara kuɗi. Ko kana da burtsatse taka, rana ɗaya injin zai iya ƙin tashi. Don haka ka tanadi ruwan kwana biyu a tanki ko durom, a rufe, a cikin inuwa, kada ka taɓa shi sai ranar da ta ɓaci.

Lokacin shayarwa biyu ne: daga idar da sallar Asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, sai bayan La'asar idan rana ta yi sanyi. Kafin ka zuba na yamma, cusa yatsa cikin ƙasar leda har gaɓa ta biyu. In da danshi, wuce.

Hattara: ruwan da ya wuni cikin mesa a rana yakan yi zafin da hannu ba ya jurewa. Sake shi a ƙasa tukuna har mai sanyi ya fito. Kuma kada rashin ruwa ya sa ka ɗebi na kwata mai sabulu, ko wanda ya biyo ta wajen rini da jima. A gona ƙasa tana da faɗin da za ta shanye, amma a leda duk abin da ka zuba nan yake zama. Alamarsa ita ce farin gishiri a saman ƙasa, da bakin ganye da ke bushewa kamar an gasa.

2. Asabar da hantsi: rumfa da shinge

Rumfar raino ba ta son duhu. Abin da ake nema shi ne rabin rana ya ratso, rabi ya tsaya a sama. Ragar inuwa mai tare kashi 50 cikin 100 ita ta fi sauƙin sha'ani, amma zana ko asabari ko karan dawa da aka jera da 'yar tazara duk suna yi. Tsayin rumfa ya kai mita biyu, don iska ta wuce, kai ma ka yi aiki ba a sunkuye ba. Ka tsaya ƙarƙashinta da azahar ka dubi ƙasa: in ka ga haske ɗigo-ɗigo kamar na gindin bishiya, ta yi.

Ɓangaren yamma ya fi buƙatar kulawa. Ranar da ke fitowa daga gabas da safe abinci ce ga tsiro, amma ta ƙarfe biyu zuwa huɗu da ke shigowa a karkace ita ke gasa layin gefe. Tokare wannan gefen da zana a tsaye.

Sai shinge. A bazara duk garin ya bushe, lambunka ne kaɗai kore, kuma akuya ta san da haka. Ƙofa ɗaya da aka manta a buɗe lokacin sallar Azahar ta isa ta cinye aikin wata biyu. Waya, ƙusa, shebur, manjagara da baro duk za ka same su a Ƙofar Ruwa.

3. Lahadi: haɗa ƙasa

Wannan ranar ta fi kowace nauyi a jiki, kuma ita ce ba a iya gyarawa daga baya. Tsiron da ke cikin leda ba shi da wata gona sai wannan 'yar ƙasar da ka zuba masa.

Haɗin da muke yi a ƙa'ida: baro biyu na ƙasar noma ta sama, baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki, baro ɗaya na yashi. In ƙasar da aka kawo maka mai rairayi ce sosai, kamar yadda take a wurare da yawa a kewayen Kano, rage yashin zuwa rabi ko ka bar shi gaba ɗaya. In mai yumɓu ce, ƙara yashi, ka kuma zuba buntun shinkafa wanda ya tsufa ko aka ɗan babbaka, yana sa ƙasa ta saki jiki. Ana samun sa a wajen injinan casar shinkafa, irin na Kura. Kada ka yarda mai tifa ya juye maka jar ƙasar gini ko wadda aka tono daga ramin sokawe, ba abin da ke cikinta.

Tankaɗe komai da babbar rariya ta waya, ka fitar da tsakuwa, kwalba, guntayen leda da batir, musamman in takin daga bola ya fito. Sannan a juya da shebur sau uku, daga tsibi zuwa tsibi, har launin ya zama ɗaya. Yayyafa ruwa kaɗan ka gwada da hannu: damƙi ƙasar ka matse. In ta dunƙule, kuma da ka taɓa ta da yatsa ta wargaje, haɗin ya yi. In ta ƙi dunƙulewa, yashi ya yi yawa. In ta zama kamar curin fura, yumɓu ya yi yawa, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe.

Hattara da ɗanyen taki. Wata shekara na ƙagu, takina ya ƙare, sai na karɓi kashin kaji sabon kwasa daga wata gonar kaji na haɗa na cika leda a ranar. Gwanda ta fito gwanin sha'awa, layi biyu cur. Kwana huɗu bayan haka ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Da na yaga leda ɗaya, saiwar ta yi baƙi, ƙasar kuma da ɗumi a tafin hannu kamar an sauke ta daga murhu. Har yau in na tuna layin nan raina yakan sosu. Takin da ya nuna ba ya wari, ba ya zafi, launinsa baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu. Ɗanye kuwa sai an tara shi, a jiƙa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako har wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kashin shanu da na tumaki sun fi sanyi, na kaji ya fi kowanne ƙarfi, don haka ko ya ruɓe rabin awo ake sa shi. Takin da za ka yi aiki da shi a Yuni, yau Lahadin nan ya kamata ka tara shi a gefe.

4. Litinin: cika leda da jerawa

Baƙar ledar raino ana samun ta a wajen 'yan leda na Ƙofar Wambai, ƙanana da matsakaita da manya. Ƙanana na zogale, turare (doguwar bishiyar nan mai ganye mai ƙamshi) da fulawar shinge ne, kuma ledar fiya wata da aka yanke bakinta tana yin wannan aikin ba tare da ka kashe ko sisi ba. Matsakaita na darbejiya, gwanda da gwaiba. Mangwaro da lemo, da za su shekara a hannunka, manya suke so. Bishiyar da za a sayar da girmanta kuwa, tsohon buhun siminti da aka wanke ya ishe ta.

Huda kowace leda huɗu zuwa shida a ƙasa da gefen ƙasa kafin a cika. Cika rabi, buga gindinta a ƙasa sau biyu, cika sauran, ka bar kamar faɗin yatsa biyu a sama inda ruwa zai tsaya. Kada a danna da hannu kamar ana cusa auduga a matashi.

Jera su layi-layi, faɗin kowane fage kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe, da hanyar da baro zai bi a tsakani. Shimfiɗa tsohuwar leda mai kauri a ƙasa kafin ka jera, tana rage hawan gara, tana kuma hana saiwa shiga ƙasa. Idan an gama a shayar da su sosai, su kwana. In kana da yara masu taya ka, biya su a kan kowace leda ɗari da suka cika, amma ka riƙa ɗaga leda ɗaya cikin kowane layi kana dubawa, domin mai sauri yakan manta huji.

5. Talata: iri, kowanne da halinsa

Kafin ka shuka komai, ƙirgo baya daga tsakiyar Yuni. Zogale yana isa dashe cikin mako huɗu zuwa shida, gwanda shida zuwa takwas. Darbejiya da turare suna son wata uku ko fiye, ke nan na yau sai Yuli ko Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, kuma hakan daidai ne. Mangwaron da ka shuka yau ba na bana ba ne, jarin baɗi ne.

Mangwaro. Bazara ce lokacinsa, don haka ƙwallo a yalwace yake. Je kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ka yi magana da masu tsince wanda ya nuna ya lalace, ko masu sayar da yankakke a unguwa, su tara maka. Ƙananan mangwaron gargajiya masu zare su suka fi yin gindi mai jure fari. Wanke ƙwallon, shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, sannan ka yanke gefen ɓawon da almakashi a hankali ka zaro ƙwayar ciki. Wadda ta yi baƙi ko ƙwaro ya huda, jefar. Dasa ta a kan gefenta, doron yana sama, ƙasa ta ɗan rufe ta. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga jan tsiro. Hattara: ƙwallon mangwaro ba ya ajiyuwa. Wanda ya yi wata yana shan rana a bola ya riga ya mutu.

Darbejiya. Ita ma haka take, irinta yana mutuwa cikin 'yan makonni. Tsinci wanda ya nuna ya yi rawaya ya faɗo sabo-sabo, murje naman, wanke, shuka cikin satin. Idan ba ka sami sabo ba, duba gindin manyan bishiyoyi inda ake zubar da ruwa, za ka tarar da 'yan tsirrai da suka fito da kansu, sai ka tono su da ƙasarsu da yamma.

Zogale. Jiƙa shi ya kwana, sa biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Yana fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, shi ne tsiron da yawan kulawa ke kashewa.

Gwanda. Ɗauki iri daga wadda ka sha ka ji daɗinta. Murza shi a rariya har santsin da ke lulluɓe da shi ya fita, domin santsin nan yana jinkirta tsiro. Shanya a inuwa, sa uku a leda.

Masu taurin ɓawo, irin su kuka, bagaruwa, gawo da ɗorawa. Tafasa ruwa, sauke shi daga wuta, zuba a kan irin, bar shi ya kwana a ciki. Wanda ya kumbura da safe shi za ka shuka, wanda bai kumbura ba ka ɗan kankare gefensa da dutse ko reza ka sake jiƙawa. Hattara: ba a dafa iri a kan wuta, ruwan ake saukewa tukuna. Tsamiya kuwa jiƙon ruwan sanyi na kwana ɗaya ya ishe ta.

Turare. Irinsa kamar ƙura yake, ba a sa shi a leda kai tsaye. Gauraya shi da yashi mai laushi, barbaɗa a kan faffaɗan faranti ko ɗan fage, rufe da busasshiyar ciyawa, ka riƙa yayyafi da buta mai ƙananan huji. Da ya fito a ɗage ciyawar. In ya yi ganye huɗu sai a ciro da tsinke a mayar leda, da yamma, a shayar nan take.

Ban da mangwaro da turare, dokar zurfi ɗaya ce ga kowa: kaurin irin sau biyu. Kuma kowane layi a kafa masa alama da suna da ranar shuka. A mako na uku gwaiba da wata ciyawa kamanninsu ɗaya ne a idon sabon yaro.

6. Laraba: aure da yanke

Yau ranar mangwaron bara ce, waɗanda kaurinsu ya kai na fensir. A tsananin zafi aure, wato haɗa reshen mangwaro mai kyau a kan gindin wanda ya fito daga ƙwallo, yakan ƙi kamawa, shi ya sa muke yin sa da sassafe, a can cikin rumfa inda ya fi sanyi, kuma mukan bar mafi yawansa sai iska ta fara ɗaukar danshi gab da damina. Amma in kana da masu jiran ɗan aure a Yuli, dole ka fara wasu yanzu.

Kayan aiki: wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, almakashin yankan reshe, leda da aka yayyanka siri-siri kamar zare mai faɗi, da farar ledar ƙanƙara.

Reshen da za ka aura ya fito daga bishiyar da ka sani, ka ga 'ya'yanta da idonka, ko Binta Suga ce, ko Paparanda, ko Juli. Zaɓi ƙarshen reshe mai kauri ɗaya da gindin, tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda idonsa ya kumbura bai fashe ba. In da hali, tsinke ganyensa tun yana kan uwa mako ɗaya kafin ka yanko. Da ka yanko, naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ka yi aiki da shi a ranar.

Yanke gindin a tsayin kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, ka bar masa ganyen da ke ƙasa da yankan. Tsaga shi a tsakiya, zurfin santimita uku zuwa huɗu. Fere ƙasan reshen ta gefe biyu ya zama kamar bakin gatari, yanka ɗaya kowane gefe, ba a sassaƙa. Cusa shi cikin tsagar. Nan ne duk sirrin yake: ɓawon reshe ya haɗu da ɓawon gindi daidai, ko da ta gefe ɗaya ne. Naɗe da zaren leda daga ƙasa zuwa sama, tamau, yadda ruwa ba zai shiga ba. Kifa ledar ƙanƙara a kai ka ɗaure bakinta sako-sako.

Cikin mako biyu zuwa huɗu, in ya kama, idon zai fashe ya fitar da ganye. Sai ka buɗe ledar sama a hankali, ta yi kwana biyu bakinta a buɗe, sannan a cire. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, tsinke shi, in ba haka ba gindin zai ƙwace abincin ya bar reshen ya bushe. Zaren kuma a kwance shi bayan kamar wata biyu, kafin ya shaƙe itacen.

Hattara: kada yatsanka ya taɓa wurin da ka fere, kuma ka goge wuƙa tsakanin bishiya da bishiya. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi mai yi ya zauna kusa da shi rabin yini, hannu ya fi rubutu koyarwa. Malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, da reshen NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da itatuwa, da ke Bagauda, wurare ne da za a iya neman shawara kan iri da aure.

Da yamma sai yanke. Fulawar shinge mai rawayan ganye, boganbiliya, lalle, ceɗiya da durumi duk daga reshe ake tayar da su. Yanki kamu ɗaya, cire ganyen ƙasa, cusa kashi ɗaya cikin uku a ƙasa mai yawan yashi, a inuwa mai kauri. Lura kada a dasa shi kai a ƙasa.

7. Alhamis da safe: zagayen duba lafiya

Bi layi ɗaya bayan ɗaya, a tsugune, kana juya ganye. Tsiron da ya kwanta, gindinsa ya sirance ya yi baƙi daidai bakin ƙasa, ruwa ne ya yi masa yawa ga rashin iska. Fitar da ledar gaba ɗaya, rage ruwa a layin, buɗe rumfa kaɗan. Gara tana barin tabon ƙasa a jikin leda, sai a ɗaga a barbaɗa toka a ƙarƙashi. Darɓa da farin ƙwaro mai kama da auduga suna maƙalewa a bayan ganyen lemo da gwaiba. Daka 'ya'yan darbejiya ko ganyenta, jiƙa ya kwana, tace, sa ɗan sabulu kaɗan, ka fesa da yamma, ka maimaita bayan kwana biyar. In abin ya gagara har sai ka sayi maganin feshi a Sabon Gari, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, bi awon da aka rubuta, rufe hanci da baki, kuma kada yara su kusanci wurin.

A wannan zagayen ne ake ɗaga leda. Duk tsiron da ya wuce wata biyu, ɗaga shi duk mako biyu, ka datse saiwar da ta leƙo ta huji. Wanda aka bari ya kafa saiwa a ƙasa, ranar da mai saye ya zo aka fizge shi, kafin a kai gida ya yi yaushi, kai kuma sunanka ya ɓaci.

Takin zamani a bazara sai da taka-tsantsan. Ƙwaya huɗu ko biyar na NPK 15-15-15 a gefen leda, nesa da kara, ga tsiron da ya yi ganye huɗu zuwa sama, a bi da ruwa nan take. Yuriya kam a bar ta sai damina. Ni na fi son ruwan taki: rabin buhun ruɓaɓɓen kashin shanu a cikin durom na mako guda, a sirka har ya yi launin shayi marar kauri.

Waɗanda za su fita a Yuni kuma, mako biyu kafin lokacin a fara horar da su. A matso da su bakin rumfa su sha ranar safe, bayan kwana huɗu a ƙara musu, a rage ruwa zuwa sau ɗaya, har su iya wuni a fili.

8. Alhamis da yamma: kuɗi da masu saye

Rubuta duk abin da ka kashe: leda, ƙasa da yashi, taki, ruwa, ladan yara, magani, kuɗin kurkura, hayar fili in akwai. Raba shi a kan tsirran da suka rayu, kada ka raba a kan ledar da ka cika. A ce ka kashe naira 100,000 a kan leda 1,000. A ido kowace ta tsaya maka naira 100. Amma in 150 suka mutu, saura 850, kowace ta koma kusan naira 118, kuma ba ka sa ladan guminka ba tukuna. Ɗan aure kuwa ya sha ruwan shekara guda, ga waɗanda auren bai kama ba, dole kuɗinsa ya ninka na sauran sau da yawa.

Makarantu, ƙungiyoyi da ma'aikatu sukan nemi dashe da yawa a kusa da 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, da 17 ga Yuni, ranar yaƙi da kwararowar hamada da fari. Yanzu ne lokacin zagaya su. Duk wanda ya ce a ajiye masa ɗari biyar, karɓi kafin alƙalami, a rubuta iri da adadi da ranar ɗauka. Alkawarin baki ba ya sayen jarkar ruwa.

Masu zuwa yanzu da zafin nan, gaya musu gaskiya. Wata Hajiya ta zo da direbanta tana son mangwaro goma ta kai gonarta a bayan gari. Na tambaye ta, “Hajiya, akwai ruwa a gonar?” Ta ce sai dai na sama. Na ce, “To ki yi haƙuri, a rubuta sunanki a jikinsu, su zauna a nan har ruwa ya zauna. In aka kai su yau, ba za su ga Juma'a biyu ba.” Mai dasawa a gida inda akwai famfo kuwa, ba laifi, sai dai ka ce ya dasa da yamma, ya yage ledar kafin ya sa a rami, ya kafa masa 'yar inuwa. Ka kuma faɗa masa darbejiya da ceɗiya ba a dasa su jikin katanga ko kusa da sokawe.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa: kada ka sayar da mangwaron ƙwallo da sunan ɗan aure. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo yakan kai shida ko fiye, kuma ba lallai ya yi irin uwarsa ba. Mutum zai yi shekaru yana ba shi ruwa kafin ya gane an cuce shi, wannan haƙƙi ne mai nauyi. Nuna wa kowane mai saye tabon auren da yatsanka.

9. Juma'a: rabin yini

Shayarwar safe a yi ta da kyau, domin daga hantsi kowa zai tafi shirin masallaci. Sallami yara da kuɗinsu kafin su tafi, cika tankin ajiya, wanke wuƙaƙe da almakashi, ka buɗe littafi ka rubuta abin da aka shuka, abin da ya fito, da abin da ya mutu a kowane layi.

Bayan an sauko, kafin shayarwar yamma, zagaya rumfa ka girgiza kowace dirka da hannu. Daga ƙarshen Afrilu hadari yakan fara haɗuwa ta gabas, kuma ruwan farko a Kano da guguwa da ƙura yake zuwa, sau da yawa cikin dare. Dirkar da ta yi motsi a ƙara mata zurfi a danne da dutse, zanar da ta saki a ɗaure ta da waya, dogayen tsirrai a matso da su jikin juna a zagaye su da igiya, 'yan auren da aka yi ranar Laraba kuma a mayar da su lungun da iska ba ta bugawa. In an yi ruwan, da safe kada ka ɗauka an hutar da kai. Cusa yatsa a leda ka ji, domin yayyafin farko sau da yawa saman ƙasa kawai yake jiƙawa, wanda ke ƙarƙashin zana ma ko ɗigo bai samu ba.